Zanen Da Aka Raba Kamar Goro

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka ɗauki Yahuza daga gidansu na Zango muka kai shi makwancinsa. Ni ba marubuci ba ne, gyaran rediyo da lasifika nake yi a unguwar Akwatialine, nan Kumasi ta ƙasar Ghana. Duk shekara in watan rasuwarsa ya kama, iyakacina in sayi ƙosai in raba wa yara a ƙofar masallaci, in roƙa masa gafara, in koma bakin aikina. Abin da ya sa bana na ɗauki alƙalami, 'yarsa Adiza ce. Tana da shekara bakwai ya rasu, yanzu ta girma har tana koyon aikin jinya. Kwanakin baya ta sauko daga tasi a ƙofar shagona da wani akwatin ƙarfe, ta gaishe ni, ta buɗe shi, ta ɗauko ɗaurin takardu ta sake su da babban yatsa a gabana.

Ta ce, "Baba Sule, don me babana ya zana jaki gurgu, kuma ya sa shi yana tafiya da baya?"

Na daɗe ban ji maganar da ta soke ni kamar wannan ba, domin in akwai abin da Yahuza ya iya a duniya, to tafiyar jaki ce. Amma kafin in faɗi abin da ya gurgunta jakin, bari in gaya wa yaran yanzu ko wane ne mutumin, don na lura waɗanda suka san Ɗakin Fitila sun fara ƙarewa.

Yahuza ɗan gidan fataken goro ne. Kakanninsa daga ƙasar Nijar suka gangaro, kuma kowa a gidansu goro ya tashi ya tarar, goro zai mutu ya bari. Shi kaɗai ya fita zakka. Ya ɗauki buroshi yana rubuta kirari a bayan trotro, wato motocin hayarmu na cikin gari, yana zana kawunan aski a allon wanzamai. Abin da ya riƙa cin ransa shi ne ya ga yaran unguwa sun cika gidan kallo suna kallon katun ɗin Turawa, su fito suna kwaikwayon maganar da ba su san ma'anarta ba. Wata rana muna shan koko ya ce mini shi fa sai ya sa zane ya yi magana da Hausar Zango. Na ce masa ya fara sa cikinsa ya ƙoshi tukuna. Bai ji ba, kuma ni da na yi masa ba'ar ni ne na fara bin sa.

Mu uku muka kafa wurin. Shi ne mai zane. Kwabena, wani Ba'asante da ya tashi a bakin Zango yana Hausar kasuwa, shi ne mai kyamara da kwamfuta. Ni kuma aka ba ni murya, tun da ina da rakoda. Ɗakinmu yana saman rumbun goron gidansu, har tufafinmu sun riƙa ƙamshin ganyen huhu. Teburin zanen kuwa akwatin gilashi ne na wata mai sayar da burodi, Yahuza ya kwantar da shi ya sa ƙwan fitila a ciki, don in ya ɗora sabuwar takarda a kan tsohuwa ya hango zanen da ke ƙasa. Matan gidan suka ga ƙarti uku suna kunna fitila da rana tsaka, suka sa mana suna Ɗakin Fitila. Da ba'a suka faɗa, mu kuma muka rubuta a ƙofa.

Ga wanda bai san aikin ba, kowane motsi takardu ne masu yawa. In jaki zai ɗaga ƙafa, sai a zana ƙafar a ƙasa, a sake zana ta ta ɗan tashi, a sake ta ƙara tashi, haka har ta sauka. In aka saki takardun da sauri a jere, ido ya ga tafiya. Takarda ɗaya ita kaɗai ba komai ba ce, darajarta tana ga wadda ke gabanta da wadda ke bayanta. Yahuza kuma yana da dokarsa: ba ya zana baki sai ya ji murya. Don haka ni ake fara turawa. Na bi masu sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da 'yan kamashon tasha da masu dako ina naɗar maganarsu, in kawo masa, ya saurara ya sake saurara, sannan ya ɗauki fensir.

Fim ɗinmu na farko gajere ne, labarin wata akuya da ta shiga trotro ta ƙi biyan kuɗin mota. Mun haska shi a jikin zanen gado a tsakar gida bayan magariba. Da akuyar ta buɗe baki aka ji muryar mai waakyen bakin masallaci tana zazzaga masifa, sai da wata tsohuwa ta faɗo daga kujera don dariya. Ita kanta mai waakyen ta yi mako ba ta gaishe mu ba, daga baya ta riƙa ƙara mana nama. Bayan wannan muka samu ƙananan ayyuka: saƙon wanke hannu, saƙon rigakafi, tallan sabulu. Muka buga faifai, masu kwafi suka fi mu sayarwa. Aka shiga zamanin ɗauke wuta, fitilarmu ta fi mutuwa a kan kamawa, Yahuza ya koma manna takarda a jikin taga yana zane da hasken rana. Ba mu yi arziki ba, ba mu kuma taɓa rufe ƙofa ba. In na yi ƙorafi sai ya ce sannu ba ta hana zuwa, in ce masa ya ƙarasa karin maganar, ya yi kamar bai ji ba.

Babban aikin da ya sa a gaba shi ne labarin kakarsa, Kaka Azumi. Ita ce ta ƙarshe a Zango da ta zo Kumasi a bayan jaki, tana ƙaramar yarinya, cikin ayarin fataken goro. Na zauna da ita yammaci bayan yammaci ina naɗa. Ta ba da labarin rafukan da suka haye, da yadda ciyawa ta koma daji, da jakin ubanta mai yankakken kunne. Ta ƙare da ranar da suka iso, ubanta ya ɗauke ta daga kan jaki ya dire ta, ya ce mata ta taka da kyau, nan ne gida. Ba a daɗe ba ta rasu. Yahuza ya ɗauki muryar ya shiga zane. Da yake jaki ba dabbar Kumasi ba ce, sai da ya hau mota ya tafi arewa ya zauna a bakin kasuwa yana kallon jakuna. Mutanen gidansu suka ce lallai abin nasa ya kai a yi masa rubutu ya sha. Ya dawo ya san yadda jaki ke sauke ƙafa in ya gaji, da yadda yake kaɗa kunne in ƙuda ya dame shi.

Shekara uku yana wannan zane, kuma ya hana Kwabena ɗaukar ko takarda ɗaya a kyamara. Wai sai ya gama duka, don kullum yana komawa baya yana gyara. Bai kuma sa wa takardun lamba ba. In ya gama wani sashe sai ya ɗaure shi da ƙyallen tela ya ɗora a kan na jiya, har suka kusa taɓa rufi. Kwabena ya yi magana har ya gaji.

"Massa, sa lamba. Takarda ya yi yawa sosai paa. In iska ya zo fa?"

Yahuza ya ce jakinsa ya san ƙafar da zai ɗaga. Ni ma na sa baki na ce gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Ya yi dariya ya ce wa zai raba takarda? Saura kaɗan ya gama zazzaɓi ya kwantar da shi. Mun ɗauka na kwana biyu ne, ashe na tafiya ne.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ya bar uwa, da mata, da 'ya ɗaya, da wa da ƙane, da kuma takardun nan. Wanda aka ɗora wa rabon ƙanen mahaifinsa ne, Alhaji Bawa, dattijon da duk kasuwar goro ta shaide shi da gaskiya. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin babu mugu a labarin nan, kuma wannan ne ya sa ya fi ciwo. Da akwai azzalumi da na samu wanda zan zaga in huce.

Malamai suka yanke cewa rabi na marainiya ne, sauran rabin a kasa wa uwa da mata da 'yan'uwa, kowa da gwargwadonsa. Aka sauko da ɗaurukan tsakar gida aka shimfiɗa tabarma. Alhaji Bawa ya dube su ya ce shi bai san wane ɗauri ya fi wani daraja ba, kuma ba zai tsaya gaban Allah da haƙƙin marainiya a wuyansa ba. Su fatake in za su raba huhun goro ba sa ba wani na sama su ba wani na ƙasa, domin na sama manya ne, na ƙasa ƙila sankara ta taɓa. Ɗaya-ɗaya ake bi, ɗaya naka ɗaya nawa, har huhu ya ƙare. Ya sa aka kwance ƙyallayen. Ya lashi yatsa ya fara: ɗaya ta marainiya, ɗaya ta saura.

Na miƙe na ce, "Alhaji, don Allah a dakata. Wannan ba goro ba ne. In aka raba shi haka ya mutu. A bar wa yarinyar duka, ko a ajiye wuri ɗaya har ta girma."

Ya dube ni ba tare da fushi ba. "Sule, kai aboki na, ba magaji ba. In munka bar mata duka mun ci na uwa tai. In munka aje, gobe wani ya ce an ɓoye. Abin da Allah ya raba, ni ban iya haɗa shi."

Kwabena ya buɗe baki, wani ya ce masa wannan sha'anin Musulmi ne. Ya fita ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da hula. Ni kuma na zauna ina kallo, daga hantsi har la'asar, ana raba tafiyar jaki ƙafa-ƙafa. Da aka gama, aka ɗauki rabin saura aka sake bin sa ɗaya-ɗaya. Aka shafa fatiha, kowa ya yaba adalcin Alhaji. Garin neman gira aka rasa ido, kuma babu wanda ya san an rasa sai mu biyu.

To wannan ita ce amsar Adiza, kuma na ba ta ita kamar yadda na rubuta a nan. Jakin yana ɗingishi ne domin duk bayan takarda ɗaya akwai ɗaya da babu. Yana tafiya da baya ne domin in kana rabo ɗaya-ɗaya, abin da ke sama shi ke komawa ƙasa. Shekara goma sha biyu yarinyar nan tana buɗe akwati a ɗakin uwarta tana kallon jaki gurgu yana ja da baya, tana zaton iyakar gwanintar ubanta ke nan, tana jin kunyar tambaya. Na karɓi ɗaurin na juya shi, na nuna mata ta inda za ta saki. Jakin ya fuskanci gaba ya kama hanya. Wannan kaɗai na iya gyarawa, kuma bai ɗauke ni komai ba.

Ta ce tana son ta ga fim ɗin ubanta cikakke, ko sau ɗaya, da muryar Kaka a kansa. Muryar tana wurina, don rakodar tawa ce, ba ta shiga gado ba. Sai muka shiga neman sauran rabin.

Na uwarta ya fi sauƙi, yana Asokore Mampong inda ta sake aure. Ta ajiye shi da amana a ƙarƙashin gado, gara ta riga mu. Ƙanen Yahuza ya tafi da nasa Nijar, da muka same shi a waya ya ce ya bar wa wani maƙwabci ajiya lokacin da ya tashi daga gidan haya, maƙwabcin kuma ya ƙaura. Na mahaifiyarsa ya fi ban takaici, domin ita ma ta rasu, aka sake zama, aka sake bin kasonta ɗaya-ɗaya tsakanin nata magadan, rabo ya haifi rabo. Mun samo 'yan kaɗan a gidaje uku, wata an yi lissafin makaranta a bayanta. Wan Yahuza kuwa, wanda tun farko bai yarda da zanen mai rai ba, bai ɓoye mana ba. Ya ce a makon da aka ba shi ya ƙona nasa, don ya rage wa ɗan'uwansa nauyi a kabari. Yana faɗa yana hawaye. Ta yaya za ka yi faɗa da mutumin da ya ƙona abu saboda ƙauna?

Mun je gaida Alhaji Bawa. Ya tsufa ƙwarai, ido ya tafi, amma hankali na nan. Adiza ta durƙusa ta gaya masa abin da ya kawo mu. Ya juyo wajen da yake jin numfashina ya tambaye ni ko ya zalunci wani. Na ce a'a. Ya ce ko takarda ɗaya bai ci ba. Na ce haka ne, Alhaji. Gaskiya ya faɗa, ni ma gaskiya na faɗa, muka tashi ba mu ƙaru da komai ba.

Nakan tambayi kaina abin da Yahuza zai ce da ya ga yau. Ɗakin Fitila ya zama shagon sayar da wayoyi. Kwabena yana ƙasar waje yana tuƙin mota, in mun yi waya ba ma taɓo zancen. Yaran da muka yi wa akuyar trotro sun zama iyaye, 'ya'yansu kuma kowa da katun a tafin hannunsa, har yanzu ba da Hausar Zango ba. An ce yanzu na'ura na yin zane da kanta, abin da ya ci wa Yahuza shekara uku ta yi shi kafin shayi ya huce. Na san shi da son sabon abu, da sai ya ƙwace wayar ya wuni yana latsawa. Amma na san kuma daga ƙarshe zai tambaya ko na'urar ta taɓa ganin jakin da ya gaji.

Mun gwada, kada a ce ba mu gwada ba. Wata ƙawar Adiza da ta iya kwamfuta ta ɗauki hoton wani sashe ta ba na'urar ta cike guraben. Jakin ya daina ɗingishi, ya riƙa sulɓi kamar ba ƙasa yake takawa ba. Yankakken kunnensa ya riƙa warkewa yana sake yankewa. Tsagar fuskar Kaka ta riƙa ɓacewa tana dawowa. Adiza ta kalla har ƙarshe ta ce, "Wannan ba hannun babana ba ne ko kaɗan, koraa." Sai ta juyo ta tambaye ni ko ta haƙura da wannan ɗin, tun da ya fi babu. In na ce ta karɓa, rabin fim ɗin ba na ubanta ba ne. In na ce ta ƙi, har abada ba za ta ga jakin ya yi tafiya daidai ba. Na tsufa ina gyara abin da ya lalace, wannan ya fi ƙarfina, kuma ina jin zafin haka har cikin raina.

To me ya rage na Yahuza? Fayafayan fim ɗin akuya sun lalace, kwamfutar Kwabena ta daɗe da mutuwa. Akwai trotro ɗaya da har yanzu nake gani da rubutun hannunsa a baya, fentin ya koɗe. Akwai muryar tsohuwa cikakkiya a wurina, ba hoto. Akwai rabin hoto a akwatin 'yarsa, ba murya. Akwai kuma ita 'yar, wadda yanzu ta san ubanta bai zana gurgu ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta dawo shagon bayan an sauko daga masallaci. Ta ce mu haɗa abin da muke da shi haka nan, ba na'ura. Na kunna muryar Kaka a lasifika, ita kuma ta ɗauko ɗaurin ƙarshe, na isowa Kumasi. Tsohuwa tana ba da labari, jaki yana ɗingishi yana tahowa, bakin da ke takarda yana rufewa murya ba ta gama ba. Aka zo inda uban ya ɗauke ta daga kan jaki. Na tuna Yahuza ya yi kwanaki a kan takarda ɗaya a wurin nan, wadda ɗan yatsan ƙafar yarinyar ke fara taɓa ƙasa, ya yage ya sake, ya yage ya sake, har ya kira mu muka gani. Muka ji Kaka ta ce, "Ya ce mini, taka da kyau, nan ne gida." A takardun da ke hannun Adiza ƙafar tana sama, sai kuma ga yarinya a tsaye. Takardar da ƙafar ta taka ƙasa ba ta faɗo a rabon marainiya ba.

Adiza ta koma baya ta duba a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ko ta manne da wata. Ba ta manne ba. Ta tambaye ni yadda takardar take, tun da ni na gan ta. Na buɗe baki in kwatanta, na ga ni mai gyaran rediyo ne, ban iya ba. Allah ya jiƙan Yahuza, ya sa ya taka da kyau inda ya sauka.

Ta daidaita takardun a gwiwarta, ta sa babban yatsa a gefe, ta ce, "Baba Sule, sake kunnawa."